Ranar da Kwamfutata Ta Ƙi Mutuwa

Tun kafin azumi nake lallashin kwamfutar nan a kan ta daina mutuwa a tsakiyar wasa. Asabar ɗin da ta wuce ta ji maganata, ta ƙi mutuwa ƙememe, a gaban Alhaji mai albasa, da babban ɗansa, da baƙonsa na Galmi, da samarin Gaya da suka biya kuɗin kwale-kwale suka tsallako da kayan Sallarsu. Har yau in zan shiga kasuwa ta bayan rumfunan masu shinkafa nake zagayawa.

Ni mai cika takardun fiton kaya ne a nan Malanville, ko in ce da can. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka toshe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Kamyoyin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, daga baya suka watse, mu masu takarda muka koma gadin benci. Abin da ya rage mini na sana'a shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka da nake buga takardun duwan da ita. Gwanjon Faransa ce, ƴar wajen 2008, da Windows 7 na Faransanci, wanda tun Janairun 2020 masu shi suka sallame shi. Ɗan Alhaji ya ce tun da tana zaune ina zaune, a saka mata PES 2013, wasan ƙwallon nan mai hoton Cristiano Ronaldo a bango, a riƙa karɓar dala ashirin a kowane wasa, wato sefa 100. Shi zai aro talabijin da janareta da rumfa a wurin babansa, ni in kawo kwamfuta da ilimi.

Ilimin ne bai zo da wuri ba. Na danna wasan, allo ya yi baƙi, ya dawo da wani ɗan akwati fari yana cewa babu fayil mai suna d3dx9_43.dll. Wani yaro mai gyaran waya ya ce wannan ai ba komai ba ne, a sauko da shi daga intanet a jefa cikin foldar wasan. Muka jefa. Akwatin ya canza baki, ya koma 0xc000007b, domin mun ɗauko fayil na 64-bit mun cusa wa wasa na 32-bit. Abin da ake so tun farko shi ne ƙunshin DirectX na Yunin 2010 gaba ɗayansa, megabait wajen 95, saboda Windows 7 yana zuwa da DirectX 11 amma ba ya zuwa da waɗannan tsofaffin ƴan fayilolin da wasannin wancan zamani ke nema. Na je saukewa, burauza ta ce ba ta yarda da shafin ba. Ashe ɗan batirin agogon da ke cikinta, CR2032, ya mutu, ta koma tana ganin muna shekarar da aka ƙera ta, takardar shaidar kowane shafi kuma a lissafinta ba a ma rubuta ta ba tukuna.

A wannan gaɓar Baba direba ya shigo lamarin. Tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kwatano zuwa Yamai, ya san kowane rami tsakanin Paraku da Kandi da Dosso. Rufe gada ya ritsa da shi a wannan tsallaken, mai motar ya aiko aka juya da ita, shi kuma ya ce bai ga abin da zai koma yi ba, ya kafa benci a rumfar Alhaji. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, bai kuma ga dalilin da wannan zai hana shi gyara ta ba.

"Yaro, yaushe rabon da ka juye mata baƙin mai?"

Na ce Baba, ba ta shan mai.

"To ai ga matsalar nan."

Da aka samu wasan ya tashi, sai ya zama in an yi nisa ta ɗauke ɗif, babu akwati babu sallama. Wannan kam zafi ne. Afrilun Malanville yakan kai digiri 40 da rana, ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta doshi 100 takan kashe kanta don kada ta ƙone. Baba ya karɓi sukundireba, ya ɗora tsininta a jikin kwamfutar, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Muka yi tsit. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ɗago ya ce fistan ɗaya ba ya aiki. Na kwance bayanta, na zaro daga bakin fanka wani curin ƙura da gashi da ɓawon albasa wanda ya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Baba ya karɓa, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya nuna wa jama'a ya ce ga fistan ɗin.

Man sanyayawar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen jan zafi ya bushe ya zama gari. Kafin in samo sabo Baba ya kawo giris a ledar burodi, ya ce da shi ya kai tan 30 na shinkafa Dosso ba tare da ƙafa ta yi ƙara ba. Da na ƙi, ya ce a zuba mata ruwa a lagireto. Da na ce ba ta da lagireto, ya girgiza kai ya ce Bature ma yakan yi ha'inci. Wata rana ya zo da takalmin jariri guda ɗaya, irin wanda direbobi ke ratayawa a bayan mota, ya ɗaure a wayar caja, ya ce yaran nan da ke cewa "kai, tsohuwar nan tana ƙoƙari" su ke kashe ta, baki ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ranar da ya ce a ɗaga ta a kan jak. Muka ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu, iska ta samu hanya ta ƙasa, zafin ya ragu da gaske. Tun daga ranar ba a ƙara jin maganata a rumfar ba sai Baba ya sa hannu.

Saura cuta ɗaya, ita ma mu muka saye ta da kuɗinmu. Yara sun ce ba za su biya dala ashirin su buga da ƴan wasan 2012 ba, suna son Mbappé, suna son Osimhen, suna son Arsenal ta amsa sunanta maimakon North London da wasan ke kiranta. Aka kawo wani faci a filasha, wanda masu sha'awar wasan ke haɗawa da kansu, cike da sababbin fuskoki da riguna da filaye. Shi kuwa wasa na 32-bit, a yadda aka gina shi, gigabait 2 kawai ake ba shi ya yi juyi a ciki, ko da ka cika kwamfutar da RAM. In fuskoki da tutoci suka taru suka wuce abin da zai iya ɗauka, sai ya faɗi, farin akwatin nan ya fito ya ce pes2013.exe ya daina aiki. Na rage inganci zuwa na ƙasa, na cire filaye, faɗuwar ta ragu har na ɗauka ta tafi.

Duk sauran ƙofofin mutuwa kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe. Janareta yakan yi tari, don haka na aika Kamba aka sayo mini sabon batir, da ya ƙi zama daram na naɗe shi da baƙin salatef har sai da ya zama ɗaya da jikinta. Wayar VGA da ke kai hoto talabijin tana motsi, na ari filayar Baba na murɗe kusoshinta biyu iya ƙarfina. Yara suna rufe murfi wasa ya tsaya, na shiga saiti na ce in an rufe murfi kada ta yi komai. Linzami na cire shi, don ramukan USB biyu ne kacal, hannayen wasa sun cinye su, ɗan faifan shafawa na jikinta kuwa ya daɗe da rasuwa. Maɓallin kunnawa ya faɗa ciki tun zamanin duwan, da tsinken tsire nake zura masa, tsinken kuma yana da mazauninsa a gefen murfin kwalba na hagu.

Muka sa gasar bayan Sallah. Ranar Asabar kasuwa na ci, rumfa ta cika har bakin titi, ƴan kabu-kabu sun faka suna leƙe ta saman kawunan mutane. Talabijin ɗin Alhaji yana can sama a jikin ginshiƙi cikin kejin ƙarfe saboda ɓarayi. Aka yi ta fafatawa tun hantsi kwamfuta ko tari ba ta yi ba, Baba yana zaune kusa da ita yana yi mata fifita da kwali yana karɓar gaisuwa. Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin ɗan Alhaji da Real Madrid da wani siririn yaro na Gaya da Barcelona. Bayan la'asar Alhaji ya iso duba buhuna tare da baƙonsa, wani dattijo dillalin albasa daga Galmi. Aka kawo musu kujerun roba aka ajiye a sahun gaba. Rimot yana aljihun Alhaji, nan yake kwana, don kada yara su ƙure murya.

Aka tashi biyu da biyu, aka yi ƙarin lokaci, aka zo bugun fanareti. Ɗan Alhaji yana ta cika baki wai yau zai yi wa Gaya abin da Benin ta yi wa Maroko a Masar a 2019. Bugu na ƙarshe nasa ne, in ya ci ya ɗauki kofi da jika biyar. Kyamara ta matso kusa da fuskar mai bugu, ɗaya daga cikin sababbin fuskokin facin nan, har ana ganin zufa a goshinsa. Ya ja da baya. Ya taho.

Sai ihun ƴan kallo na cikin lasifika ya maƙale a wuri ɗaya, rrrrr. Ƙafar ɗan wasa ta tsaya a sama, ƙwallo na ƙasa. Allo ya yi baƙi. A raina na ce shi ke nan, an faɗi, za a zage ni, in mayar wa kowa dalarsa. Wallahi da a nan aka tsaya da na yi sadaka.

Allo ya dawo da haske. Ɗiyar Alhaji ce, ta biyu, a tsaye cikin leshi ruwan hoda, tana murmushi, faɗin talabijin guda.

Hoton bangon kwamfutata ne. Ni na haɗa shi da hannuna a Paint, wani dare da barci ya ƙi zuwa. A ƙaramin allona na jera foldojin aiki a kansa layi-layi, takardun shinkafa a kan fuskarta, takardun siminti a kan rubutun ƙasa, ba mai ganin komai sai gefen gyale. Ban san cewa in aka kai hoto babban allo Windows kan tattara foldoji ya tura su gefen hagu ba, domin kullum kafin in haɗa waya wasa ya riga ya rufe ko'ina. Ga foldojina can sun taru a lungu sun ba da fili. A gefenta kuma ga wani mutum a tsaye cikin farar shadda, kafaɗarsa ta kusa taɓa tata, an yanko shi daga wani hoton daban, gefen hannun rigarsa duk tsalle-tsallen linzami.

Mutumin ba shi da kai. Farin akwatin nan, wanda na yi makonni ina tsine wa, ya sauka daidai a kan fuskarsa, ya rufe daga wuya har hula, ƙasansa kuma ya danne rabin rubutun. A ciki an rubuta cewa wasa ya daina aiki, Windows yana neman mafita, ga wani ɗan koren layi yana tafiya daga hagu zuwa dama yana dawowa.

Rumfa ta yi shiru, ba ka jin komai sai janareta. Carbin Alhaji ya tsaya a tsakanin yatsunsa. Na ga ƙwayar da ya tsaya a kanta, baƙa ce mai ɗan tsagu, ina jin ko a kabari aka nuna mini ita zan gane ta. Baƙon Galmi ya gyara zama, ya kalli allo, ya kalli Alhaji.

"Ikon Allah. Alhaji, ashe ka aurar da ita ba ka gaya mana ba? Wane ne angon?"

Wane ne angon. Mutum sama da hamsin suka karkata kai gefe guda, wai ko za su hango ta bayan akwatin. Ni kuwa a duniya ba ni da masoyi a lokacin irin akwatin nan. Na roƙi Allah Ya sa Windows ya yi ta neman mafita har tashin kiyama kada ya samu. Farar shadda kowa na da ita a Malanville. Muddin akwatin yana nan, ina iya cewa da hoton na sayi kwamfutar, ko cutar intanet ce, ko yaron mai gyaran waya ne.

Na san in na bi hanyar kashewa ta ƙa'ida, akwatin ne zai fara gushewa kafin allo ya mutu. Don haka na yi abin da kowa zai yi, na kife murfi. Hoto yana nan a talabijin, ai ni na ce kada ta yi komai. Na fizge wayar caja, takalmin jariri ya yi sama ya faɗa cinyar baƙon Galmi. Hoto yana nan, batirin Kamba yana aikinsa, mai shagon da ya rantse cewa na asali ne ashe gaskiya ya faɗa. Na juya ta na kai wa batirin farce, salatef ya ce bai san zancen ba. Na cafki wayar VGA na ja, kwamfuta ta biyo ni gaba ɗaya, murafun kwalba suka watse, kusoshi ko gezau. Na sa yatsa in murɗe, sai na tuna da filaya na ɗaure su, filayar kuma tana aljihun Baba.

Saura maɓallin kunnawa. In ka danne shi ka riƙe na ɗan lokaci, kowace kwamfuta dole ta mutu. Na lalubi tsinke a mazauninsa, babu. Na duba ƙasa, babu. Na ɗaga kai. Yana bakin Baba direba, yana sakace da shi a nutse, yana kallon talabijin, ya riga ya tauna rabinsa.

Na yi tsalle gaban ginshiƙi na baza hannuwan riga. Ni ba dogo ba ne, talabijin kuma yana sama, abin da na rufe bai wuce ƙasan kejin ba. Sai ma ya zama ina tsaye daidai ƙarƙashin mutumin mara kai, da farar shaddata ta Sallah, mai aiki iri ɗaya a wuya, da ɗan tabon shayi a aljihun hagu wanda shi ma na saman yake da shi. Wani yaro daga baya ya ce, "Kai, ku dubi aljihun!"

Na ƙwala ihu, "A kashe janareta!"

Yaron Alhaji ya zabura zai tafi. Baba ya ɗaga hannu.

"Kada wanda ya taɓa! Injin da ya wuni yana aiki ba a kashe shi farat ɗaya, sai ya huce. So kake ka ƙona wa Alhaji gasket?"

Yaro ya tsaya, ya kalle ni, ya kalli furfura, ya koma ya zauna. Da ni ne shi, haka zan yi.

Baba ya cire tsinke daga baki, ya tashi, ya gyara wando, ya matso. Ya buɗe murfin da na kife. Ya ce in kauce, abin ba na ƙarfi ba ne, tun ɗazu yana kallona ina ta kokawa da ita alhali mota in ta mutu a tudu sitata ake sake bugawa. Ya sunkuya yana duba maɓallai da yatsa a sama, yana wuce ƙanana, yana neman wanda ya yi kama da na manya. A lokacin koren layin ya riga ya gaji, akwatin ya bar maɓalli ɗaya tak, na rufe shirin.

Na ce, "Baba, don girman Allah."

Ya ce, "Bismillahi."

Ya danna Entrée.

Wannan dannawar ita nake ta gani tun ranar. Babban yatsa ne mai faffaɗan farce, da tsohon tabon ƙuna a gaɓa. Ya sauka a hankali, maɓallin ya yi ɗan ƙas, don yana da yashi a ƙarƙashi. Akwatin ya dushe ya tafi, yadda tagogin Windows 7 ke tafiya da yanga. Da farko haɓa ta fito, sannan haƙora, domin a hoton dariya nake yi har kunne, sannan hula. Wani lokaci in na kwanta sai in ga kamar da na kai hannu da na riƙe yatsan, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Amma ta yaya za ka riƙe hannun sa'an kakanka a gaban jama'a?

Ɗan Alhaji ne ya fara magana, hannun wasa na rataye a yatsunsa.

"Wannan ba hulata ba ce?"

Tasa ce. Zanna-bukar ce da na ara ranar wani ɗaurin aure na ce masa ta faɗa kogi a kwale-kwale.

Alhaji bai ce komai ba. Ya sa hannu a aljihu, na ce alhamdu lillahi, rimot zai ɗauko. Tabarau ya ɗauko. Ya buɗe shi, ya hura, ya goge da bakin riga, ya saka, ya ɗan ɗaga haɓa. Rubutun ƙasa yanzu ya fito sarai, ja ne, da manyan baƙaƙe, da zuciya a kowane gefe. Alhaji ya yi karatun boko kaɗan, don haka gaɓa-gaɓa yake karantawa, da ƙarfi, yadda na bakin titi ma za su amfana.

"Sau-ra ƙi-ris Al-ha-ji ya za-ma su-ru-ki-na."

Ko gaisuwar farko manyana ba su kai gidan ba. Ban ma gaya wa manyan nawa ba.

Wayoyi suka fito. Ban ga wanda ya fara ba, na dai ji ƙyas-ƙyas ta ko'ina. Gada a toshe take, amma kafin a kira magariba wani ɗan ƙanen babana da ke Gaya ya turo mini hoton yana tambaya ko za a yi anko. Siririn yaron nan na Barcelona shi kaɗai ne bai damu da aure ba, yana ta cewa a dawo da fanareti, golansa ya riga ya faɗi ɓangaren da ya dace, kowa ya gani.

Alhaji ya cire tabarau, ya ninke. Ya dube ni, karo na farko tun da abin ya fara. Mutumin kirki ne, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa, domin ƙofa ya buɗe mini.

"Malam, wane Alhajin? Garin nan ai Alhazai da yawa."

Na buɗe baki. Kalma ɗaya ake nema, in ce wani ne a Kandi, kowa ya yi kamar ya yarda, a tashi. Baba ya riga ni.

"Kai mana, Alhaji. Ba ga ɗiyarka nan ba? Ko tabaran ne ba ya gani da kyau? Yaro, ƙara masa haske."

Baƙon Galmi ya sunkuyar da kai yana tari cikin rawani, takalmin jariri na hannunsa. Kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

Ana cikin haka fanka ta yi wani dogon kuka, allo ya ɗauke ɗif. Tun da murafun kwalba suka watse take zaune da cikinta a kan tebur, iska ta yanke, zafi ya kai inda yakan kai. Baba ya juya ya fuskanci jama'a ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Da kanta ta kwanta. Na ce a bar inji ya huce."

Alhaji ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce da ɗansa a sauke talabijin a kai gida, a kuma karɓo hula. Ni kuma ya ce kuɗin man janareta jika biyu ne, in ba yaronsa. Bai ƙara ko kalma ba. Ya ja baƙonsa suka nufi buhuna, ina jin dattijon yana tambayarsa ko da gaske a cikin na'urar ake ɗaura aure yanzu.

Jiya da dare Baba ya same ni a ƙofar gida, ya zauna ba a ba shi wuri ba. Ya ce ya kwana yana nazarin abin, ya gano cutar. Na ce Baba, na san cutar, faci ne ya fi ƙarfin gigabait 2. Ya ce in bar wannan turancin.

"Lodi ne. Ƴan ƙwallo ashirin da biyu, ga alƙalin wasa, ga ƴan kallo cike da fili, ka kuma ɗora mata ango da amarya a ƙasa. Ko kamyona aka yi wa haka ba zai kai Kandi ba. Sauke mutum ɗaya za ka yi."

Na ce wa zan sauke?

"Kai. Yarinyar ba ta da nauyi."